Kada Ki Ba Su Mai Raɓa

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Gwaggo, yayar mahaifina, ta rasu ana tsakiyar damina, gero ya fara fitar da kai, a ƙauyenmu da ke tsakanin Dungas da Dogo-Dogo. Ina Magarya wurin 'ya'yana labarin ya iske ni. Ruwa ya ɓata hanya, motar kasuwa ta kafe a laka, ban isa ba sai washegari da hantsi, an riga an kai ta makwancinta.

Na tarar da gida cike. A zaure wani tsoho da na sani tun yana da ƙarfin noma ya tare ni da gaisuwa, ya ce, "Ya haƙuri? Allah Ya jiƙanta. Ni ganyenta na ci na rayu. Ta zage ni tas ranar, amma ta cika mini ƙwarya." Ya yi dariya, hawaye na bin gemunsa. A cikin gida 'yan mata suna daka suna cewa yanzu ba mai korarsu daga bakin ɗakin ganye, sai ɗaya ta ajiye taɓarya ta rufe fuska da zane. Su abin da suka sani ke nan, tsohuwa mai faɗa, mai ɗan lauje a hannu. Shi ya sa na ɗauki alƙalami. Ina tsoron nan da 'yan shekaru a tuna faɗan, a manta da matar.

Aminiyarta tana zaune a gindin rumfa, idanunta sun mutu, kunnenta dai yana nan. Da ta ji muryata sai ta kamo hannuna ta ce, "Kin leƙa yaran nata?" Gwaggo ba ta taɓa haihuwa ba. Duk ƙauyen, in aka ce yaranta, zomayenta ake nufi.

Na zaga bayan gida inda akurkinsu na laka yake. Tun kafin in sunkuya gabana ya faɗi. An tula musu ɗanyar ciyawa, jiƙe sharkaf, su kuma suna kwance a gefenta, ciki ya kumbura, ba mai motsi. Matar ƙanena ta biyo ni, ta gani, ta ɗora hannu a ka.

"Wayyo, Yaya! Tun asuba na yanko musu, jiya ma haka. Na ga kowa yana ta kansa, na ce kada su kwana da yunwa. Wallahi mai kyau na zaɓo, mai laushi."

Mata suka taru. Wata ta ce, "Allahu akbar, sun bi ta." Sauran suka amsa. Ni mai son irin wannan magana ce. Da girmana na koyi boko, kuma tun da 'ya'yana suka fara kawo mini littattafan soyayya daga kasuwar Kano ban sake kwana ba littafi a gefen matashina ba. Da a ce a littafi ne, da na yarda baƙin ciki ne ya kashe su. Amma ni Gwaggo ce ta raine ni. Na san raɓa ce.

Aka jawo aminiyar ta zo. Ta ce, "Ku duba mini, akwai mai baƙin kunne a cikinsu?" Muka duba, babu. Matar ƙanena ta ce ai kwana biyu ba ta gan ta ba, wataƙila muzuru ne ya ɗauke ta. Na zura hannu cikin ramin da suka tona, na laluba, ba kowa. Tsohuwar ta ce, "To in ita ma ta tafi, an rufe gidan ke nan."

Mai baƙin kunne ita ce jinin zomanyar farko. Gwaggo takan yi musayar namiji da mutanen Guci ko na Kwaya don kada iri ya lalace, amma mace ba ta taɓa karɓar ta waje ba. Uwa ta haifi 'ya, 'ya ta haifi jika, haka suka biyo juna tun zamanin Faransawa. Na koma cikin mata na zauna, ana ta shigowa gaisuwa ina amsawa da baki, zuciyata tana can baya.

Mijin Gwaggo na fari mai ban ruwa ne a lambun kumandan, Baturen mulki, a Magarya. Kukun gidan ne ya ba shi 'ya'yan zomo biyu, irin na Turawa, farare, macen da baƙin kunne. A cikin hularsa ya kawo su. A lokacin ba wanda ya taɓa ganin zomo a gida. Zomo na daji ne, a bi shi da karnuka da sanda. Mutane suka riƙa zuwa kallo, wasu suna cewa mage ce ta Nasara. Ba su daɗe ba yaƙin Turawa ya tashi, aka shiga ɗibar samari ana kai su soja, aka haɗa da shi. Ban san fuskarsa ba. Abin da na sani, wai dogo ne, mai wushirya, kuma ba ya iya wucewa ta kusa da shuka bai taɓa ganyenta ba.

Da na zama budurwa na dame ta da tambaya.

"Gwaggo, ranar da zai tafi, me ya ce miki?"

"Me zai ce? Dogarai suna tsaye a ƙofa."

"Ai dai ya faɗi wani abu. Ya kalle ki, ya ce..."

"Ya ce kada ki ba su mai raɓa."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Miƙo mini kwandon can, sarkin surutu."

Raina bai so ba. Na yi ta ƙera masa kalamai a zuci, na sa shi ya juyo a bakin gari, na sa wata ya fito, na sa ta yi kuka har zanenta ya jiƙe. Ita ko sau ɗaya ba ta ƙara ko kalma a kan waccan ba.

Bai dawo ba. Waɗanda suka dawo da manyan takalma da lambar ƙarfe a ƙirji, wani ya ce ya gan shi a jirgin ruwa yana tari, wani ya ce ba shi ba ne. Da shekaru suka ja, alƙali ya warware auren. Ta auri wani manomi a Guci, mutumin kirki, ta tafi da zomayenta a kwando bisa jaki. Da shi ma ya rasu, ta dawo gidanmu da su a kwando bisa jaki. Tun daga nan ba ta sake aure ba, ni kuma aka ba ta ni.

Kiwon zomo da damina ba wuya. Wuyar tana rani, lokacin da ƙasa ta yi fari fat, ba ko tsinken kore. Harawar wake da ta gyaɗa ta maza ce, ta doki da tumaki, ba mai ba mace ita don ta zuba wa zomo. Saboda haka Gwaggo ta mai da daji gonarta. Ba ma fita sai rana ta ɗaga, raɓa ta bushe. In na matsu sai ta ce, "Shafa ciyawar da bayan hannunki. Kin ji sanyi? To zauna." Sannan mu bi gefen gonaki da bakin tafki, ita da lauje, ni da kwando. A wurinta na san gadagi mai bin ƙasa, wanda ta fi so duka, da harkiya, da yaɗiya da ke nannaɗe a jikin ƙaya, da tafasa, da lalo, da gasaya. Tumfafiya da zaƙami kuwa ko kusa da kwando ba ta yarda su zo ba. Ranar da na taɓa tumfafiya da wasa, sai da ta sa na goge hannuna da yashi kafin in sake taɓa ganye.

Ba ta tugewa. Takan yanka sama da saiwa, ta bar wanda ya yi 'ya'ya ya zubar. In ta ga yaro ya tuge gadagi da saiwarsa, har gidan ubansa take bin sa. "Baɗi me za ka ci a nan? Ƙasa?" Rabin sunan faɗan da ta yi, a nan ta samo shi.

Shanyarta ma ba irin ta kowa ba ce. Mata suna baza ganye a rana a kan tabarma. Ita ta sa aka yi mata wata 'yar bukka a ƙarshen gida, ta ɗaura igiyoyin kaba daga bango zuwa bango, ta riƙa rataye ganye ƙulli-ƙulli a inuwa, iska tana ratsawa. Takan ce rana tana shanye ƙarfin ganye ta bar maka gawarsa. Kullum sai ta shiga ta juya su, ta shinshina, ta cire wanda ya fara fumfuna. In ta karya kara ya ce ƙas, ganyen kuma yana nan kore, to ya yi, sai ta sauke ta danna a tsofaffin randuna. Har yau in na rufe ido ina jin ƙanshin ɗakin nan, kamar an kama damina an kulle ta a ɗaki. Ko da damina ma, abin da ta yanko yau sai ya kwana a igiya ya yi laushi kafin zomo ya gan shi.

Baba yakan yi mata ba'a. In ta shigo da kwando ya ce, "Yaya, sannu da kiwo. Yaushe ƙahon zai fito?" Ta ce, "Ranar da naka hankalin ya fito."

Sai ga shekarar da ruwa ya ɗauke tun kan gero bai cika ba. Lanho kuwa, wato haraji, bai ɗauke ba. Aka sayar da abin sayarwa, samari suka ƙetara iyaka zuwa ƙasar Ingilishi, wajen Kano, neman abinci, rumbuna suka koma ɗakin ɓeraye. Kafin zafi ya yi tsanani, mata sun tsince duk wani ganye da ke kusa da gari. A cikin wannan hali Inna ta haifi ƙanena. A duk ƙauyen, wuri ɗaya ya rage da ke da abin sawa a tukunya, shi ne ɗakin ganyen Gwaggo, kuma kowa ya sani.

Wata rana da la'asar Baba ya same ta a bakin akurki.

"Yaya, ki buɗe ɗakin nan."

"In buɗe wa wa?"

"Mutane. Yara suna kwana da ruwa a ciki, ke kina ciyar da ɓeraye masu dogon kunne."

"Lokacin da nake yawo ƙaya tana yaga mini zane, wa yake tambayar ƙahon zomayena?"

"Ni ne. Yau kuma na zo."

"To ka koma. In na buɗe, da me za su kai damina?"

"Ba sai sun kai ba. A yanka su."

Ta miƙe tsaye. Baba mutum ne mai sanyi, ban taɓa jin ya ɗaga mata murya ba, amma ranar yunwa ce take magana a bakinsa. Ya ce, "Mutumin nan ba zai dawo ya ƙirga su ba, Yaya. Kin yi wani auren kin dawo, har yanzu kina riƙon amanar matacce, masu rai suna kallonki."

Ta ɗauki laujenta ta fita, ko da yake ba abin yanka a dajin. Kwana da kwanaki ba su gaisa ba.

Ba maganar Baba ce ta juya ta ba. Wata safiya ta shiga ɗakin Inna, ta tarar jariri yana kuka ba murya, nono ya ƙafe. Ta ɗauke shi, ta sa masa ɗan yatsanta a baki. Ya kama da ƙarfi, yana tsotsa, yana tsotsa. Ta daɗe a tsaye tana kallonsa. Da ta fito sai ta wuce akurki, ta kamo mafi ƙiba ta kunne, ta ajiye a gaban Baba ta ce, "Yanka. Ba don kai ba." Ita da kanta ta yi romon, ta tsaya a kan Inna sai da ta shanye.

Ranar ta kwance igiyar ƙofar ɗakin ganye. Ta zazzage randuna a kan tabarma, muka zauna muna ware na mutane, tafasa da yaɗiya da lalo da gasaya gefe ɗaya, gadagi da harkiya gefe ɗaya. Kafin azahar mutane sun yi layi da ƙore. Ba wanda ta ba bai sha faɗa ba. "Kai ne ɗanka ya tuge mini gadagi a bakin tafki, kawo ƙwaryar." "Ke kika ce na haukace, matso." Ana dafawa da ɗan gishiri, a matse, a cuɗa da dusa in akwai. Ba daɗi, amma yana tsayawa a ciki. Zomaye kuma suka riƙa tafiya ɗaya bayan ɗaya, yau don mai jego, gobe don tsoho da ya kasa tashi. Duk wanda za a yanka, ita take kamo shi, amma ba ta tsayawa ta gani.

Ana cikin haka ta kira ni ɗakin ganye ta ja ƙofa. Mai baƙin kunne ta wancan lokaci tana rungume a ƙirjinta, cikinta ya yi nauyi. "Ɗiyata, riƙe mini." A lungu akwai wata tsohuwar randa da bakinta ya fashe, kwance a ƙasa. Ta shimfiɗa busasshen gadagi a ciki, ta ajiye kasko da ruwa, ta sa zomanyar, ta kife babban kwando a bakin, ta ɗora dutse. Ta ce, "Duka na bayar, wannan ban bayar ba. In kika faɗa wa ubanki, ni da ke ne." Ban faɗa ba. A randar nan ta haihu, kuma da ruwa ya sauka 'ya'yanta ne suka sake cika akurki.

Baba bai taɓa ba ta haƙuri da baki ba. Amma da aka zo noman farko, sai ya bar wani tsiri a gabashin gonarsa, inda gadagi yake yawan fita, bai sa masa fartanya ba. Maƙwabta suka ce ya yi ragwanci. Ya ce, "Wannan gefen Yaya ne." Har ya rasu ba a nome shi ba, ƙanena ma da ya gaji gonar bai taɓa shi ba.

Zuwana na ƙarshe kafin rasuwarta, na zo da wani littafi na karanta mata inda saurayi yake ban kwana da budurwa, shafi biyu cur yana magana. Ta saurara tana tsinke yaɗiya. Da na gama ta ce, "Duk surutun nan, bai bar mata komai ba da za ta yi da hannunta?" Na ce a'a. Ta ce, "Kaico. To da me za ta kai yamma?" Sai a ranar na fara gane cewa mai ban ruwan nan, da dogarai a ƙofa da ɗan lokacin da ya rage masa, ya zaɓi abin da zai faɗa.

Ranar sadakar uku da safe, ina zaune cikin mata ina bin waɗannan abubuwa ɗaya-ɗaya a raina, sai na zo kan randa. Na miƙe na fita. Ɗakin ganye yana nan a ƙarshen gida, ƙofarsa ɗaure da igiya, ba wanda ya kusance shi saboda tsoron faɗan wadda ba ta nan. Na kwance. Ƙanshin ya tare ni, sai da na dafa bango. Igiyoyi cike suke, wani ganyen ko bushewa bai gama yi ba. A lungu ga randa kwance, ga kwando kife, ga dutse a kai.

Na ɗaga. Gadagi busasshe ne danƙare, wanda ya fi ƙarfin cin zomo ɗaya nesa ba kusa ba, da kasake biyu na ruwa, ɗaya ya ƙafe, ɗaya saura kaɗan. Mai baƙin kunne ta ɗago kai ta dube ni tana taunawa. A bayanta, cikin gashin da ta tsige daga ƙirjinta, wasu 'yan abubuwa jajaye suna motsi, ido bai buɗe ba.

Na yi kira. Matar ƙanena ta rugo, ta leƙa, ta durƙushe. "Ashe nan ta zo! Ana gobe za ta rasu, zazzaɓi yana kaɗa ta, na gan ta tana bin bango ta nufo nan. Na ce Gwaggo ki kwanta, ta ce in kula da tukunyata." Aka jawo aminiyar, na kama hannunta na kai shi bakin randar har ta ji ɗumi. Ta ce, "Ja'ira. Ko mutuwa ba ta yarda ta same ta da aiki a hannu ba."

Ni gidan haya nake a Magarya, ba daji, ba gefen gona. Ina cikin tunanin yadda zan yi da su sai matar ƙanena ta ce, "Yaya, ki bar mini su. Ni na kashe, ni zan riƙe. Amma kada ki tafi sai kin nuna mini." Na dube ta. Mijinta ne jaririn da ya tsotsi yatsan Gwaggo. Na ce na ji.

Allah Ya jiƙan Gwaggo, Ya yafe mata zafin bakinta saboda sanyin hannunta, Ya shayar da kabarinta. Ya jiƙan Baba da Inna, da dogon mutumin da ba mu san inda ƙasa ta rufe shi ba.

Washegari gari yana wayewa na ji motsi a ƙofar ɗakina. Matar ƙanena ce, ta ci ɗamara, laujen Gwaggo a hannu, kwando a ka.

"Yaya, mu je gefen gonar tun da sanyi."

Na fito, na kama hannunta, na sunkuyar da ita kan ciyawar da ke gindin danga, na shafa mata da bayan hannun.

"Me kika ji?"

"Sanyi."

"To ajiye kwandon. Zauna."